Na'urar da ta faɗa wa unguwa nauyina

Shekara shida na yi a unguwar Wambai ban san sunan mutum goma ba. Daga Gusau aiki ya kawo ni Abuja, wani ofis inda nake karɓar takardu in buga musu hatimi in jera su a fayil. Haya a Abuja ta fi ƙarfina, sai na kama ɗaki biyu a Suleja kamar sauran irina. Maigidana ya rasu tun kafin in zo, yarana biyu kuma suna karatu a Zariya. Ina idar da sallar asuba nake fita neman mota, ba na dawowa sai an yi magariba. Asabar ta wanki ce da barci, Lahadi ta girkin mako. Maƙwabta suna ce mini matar Abuja, ni kuma iyakata da su gaisuwar bakin ƙofa. Gaskiya hakan bai taɓa damuna ba.

Abin da ya dame ni ciwon kai ne, wanda yake kama ni ta ƙeya tun muna cikin cunkoson hanya. Likita ya auna ni ya ce jinina ya hau. Ya rubuta magani, ya ce in riƙa awo ko da sau ɗaya ne a mako, ina rubutawa ina kawo masa. Na ce to, amma a raina na ce yaushe? Mai kemis ɗin layinmu yana da abin awo, sai dai duk ranar da na je, ko batirin ya mutu ko shi kansa ya tafi masallaci.

Ana cikin haka wata ƙungiya daga Abuja ta zo ta gina rumfa a filin da ke gaban famfon unguwarmu. Rufin sola suka yi mata, da benci huɗu na siminti, da fanka biyu, da jerin soket na cajin waya. A tsakiya suka ajiye na'urar kanta: kujera ce mai sikeli a ƙarƙashi, da wani zoben roba da ake zura damtse a ciki, da allo kamar na ƙaramar talabijin. Ranar da aka buɗe ina wurin aiki, amma na karanta abin da suka rubuta a jikin bango, wai wuri ne na lafiya da zumunci, kyauta ne, kuma na kowa da kowa. Na ce alhamdulillahi, ga awo ya zo mini har ƙofar gida.

Asabar da hantsi na shanya wankina, na zura hijabi na nufi rumfar. Tun daga nesa na ga abin da ban yi lissafinsa ba. Majalisar mazan layinmu, wadda da take zama a gindin mangwaron bakin titi, ta tattaro gaba ɗaya ta dawo nan. Me zai hana su? Ga inuwa, ga fanka, ga wuta kyauta a unguwar da sai a kwana uku ba a kawo ta ba. Sun kai sha biyu, kowa da wayarsa a soket. A kan kujerar awon kuwa telan layinmu ne ya miƙe ƙafa yana cin gyaɗa.

Na so in juya, amma sun riga sun gan ni. Na yi sallama, suka amsa baki ɗaya.

"Malam, ko za ka ɗan ba ni wuri? Awo na zo."

"A'a, Hajiya, bismillah, bismillah!" Ya tashi da sauri, har yana kaɗe mini ɓawon gyaɗa da hularsa.

Ba wanda ya yi mini rashin mutunci, wannan kam sai in faɗa. Amma ba wanda ya tashi. Hira ta tsaya cak, ido ashirin da huɗu ya dawo kaina. Zoben nan kuma ba ya karɓar hannu ta kan hijabi, sai da na tattare shi da hannun riga har kusa da kafaɗa, ina ja ina rufewa da ɗaya hannun. Na danna koren maɓalli.

Sai na'ura ta buɗe baki. Muryar mace ce, amma da ƙarfin lasifikar masu tallan magani a kasuwa.

"Sannu da zuwa. Zauna daidai. Kada ka yi magana."

Ka, ba ki ba. Wani daga bayan benci ya yi tari don ya danne dariya. Zoben ya matse mini damtse, ya sake. Na ɗauka lambobin za su fito a allo in karanta abina in tafi.

"Nauyinka kilo casa'in da ɗaya. Ka yi ƙiba. Jininka ɗari da saba'in bisa ɗari da biyar. Ya hau ƙwarai. Ka ga likita."

Har matan da ke layin ɗiban ruwa sai da suka juyo.

"Subhanallahi!" in ji wani dattijo. "Allah Ya sawwaƙe, Hajiya."

"Casa'in da ɗaya?" Tela ya girgiza kai. "Wallahi ba ki yi kama da haka ba ko kaɗan."

Shi a ganinsa lallashina yake yi. Kafin in gama saukar da hannun riga an rubuta mini magani kala biyar da baki: tafarnuwa da safe, zoɓo ba sukari, ganyen zogale, ruwan ɗumi da lemun tsami, da kuma barin tunani. Na yi godiya na kama hanya, fuskata kamar an watsa mata barkono. Na tabbata da a ce an sake auna ni a ƙofar gida, da na'urar ta kira motar asibiti.

Zuwa Litinin babu wanda bai ji ba. Ɗan acaɓan da ke kai ni tasha, wanda da yake gudu kamar an biyo shi, ya koma tafiyar jana'iza, wai kada ya tayar mini da jini. Na rasa motar farko. Mai nama ya yanke kitsen da na nuna da hannuna ya ajiye gefe, ya ce, "Hajiya, ai wannan ba naki ba ne yanzu." Matar maƙwabcina, wadda shekara shida ba mu wuce ina kwana ba, ta leƙo ta katanga ta tambaye ni dunƙulen magi nawa nake sa wa miya.

A daren Laraba, ina shigowa bayan magariba, na tarar da wata tsohuwa zaune a dakalin ƙofata da ƙunshin ganye. Na santa da gani. Ita ce mai kawo doya daga wani ƙauye can gefen dutsen Zuma, tana kasa ta a bakin famfo, in dare ya yi mata ta kwana gidan ɗanta a bayan layinmu.

"'Yar nan, ke ce inji ya yi wa tsawa?"

"Ni ce, Inna."

"Ungo, ki dafa ki sha." Ta miƙo mini ganyen. Sai ta rage murya. "Ni ma ina so in hau kujerar nan. Jiri nake ji in na sunkuya, dubi ƙafafuna yadda suka yi. Amma in buɗe hannu a gaban sa'o'in 'ya'yana, sannan ƙarfe ya yi shela da ni? Gara jirin."

Maganarta ce ta sa haushina ya sami inda zai nufa. A jikin na'urar akwai lambar waya ta masu ƙorafi. Na kira sau bakwai cikin kwana huɗu. Kullum wata murya ce take cewa in danna ɗaya, in na danna ta ce in danna uku, in na danna sai kiɗa, sai layin ya yanke. A karo na takwas wata mata ta ɗauka, ta ce za su turo jami'arsu.

Bayan mako uku ta zo, wata budurwa mai fara'a, da katin aiki rataye a wuya da kwamfutar hannu. Na zayyana mata komai. Ta saurara tana gyaɗa kai.

"Momi, muryar ai saboda waɗanda ba su iya karatu ba muka sa ta."

"Na ji. To dole sai an ji ta har garin Diko?"

Ta yi dariya, ta shafa allon kwamfutarta. "Ba a rage ta daga nan, sai daga ofis, in an sabunta sistem. Kuma gaskiya data ɗinmu ya nuna matan unguwar nan ba su da sha'awar awo. Tun da aka buɗe mace ɗaya ce ta yi amfani da shi."

"Ni ce ɗayar!" Ban san na ɗaga murya haka ba. "Ƙanwata, juya ki dubi bencin nan. Ke za ki tattare hannun riga a nan?"

Ta juya. Majalisa ta ɗaga mata hannu cikin ladabi. Ta ce za ta rubuta a rahoto.

Ni da Inna muka je wurin shugaban kwamitin unguwa, wani dattijo mai sanyin magana da ba ya son ɓata wa kowa. Ya ce wuri na jama'a ne, ba shi da ikon korar mutum. Inna ta ce, "Alhaji, mu ba jama'a ba ne?" Ya ɗan ja carbi, can ya ce to, Asabar daga hantsi zuwa azahar a bar wa mata.

Asabar ta zo, muka je mu bakwai. Maza sun bi umarni daidai yadda suka fahimce shi: sun tashi daga benci biyu sun matsu a kan sauran biyun. Wai wayoyinsu ba su cika ba. Ina shirin buɗe baki Inna ta dafa ni. Ta kwance igiyar da take ɗaure buhun doya, ta ɗaura ta daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, ta karɓi zannuwa uku a hannun mata ta rataya. Sannan ta aika gidan ɗanta aka kawo matashin kai, ta danna shi a bakin lasifikar, ta naɗe da ragowar igiya ta ƙulle tamau.

"To, yi shelar mu ji," ta ce wa na'urar.

Ta hau kujera, na danna mata maɓalli. Muryar ta koma gunaguni kamar mai magana a cikin rijiya. Mata suka sa guɗa. Ni kuwa na dubi allo, murnata ta tsaya. Lambar Inna ta wuce tawa nesa ba kusa ba.

"Me ya ce?"

"Inna, tashi mu tafi asibiti."

"Doyata fa?"

"A bar wa surukarki."

Sai da muka yi ja-in-ja kafin ta yarda ta shiga keke. A asibiti suka riƙe ta kwana biyu, suka sallame ta da magani da dokar gishiri, wadda har yau muke faɗa a kanta, don ta ce miya ba gishiri wankin kwano ce.

Abin da ban hango ba shi ne, da muka toshe bakin na'ura, sai an sami mai karanta allo. Yawancin matan ba su karanta boko. Waɗanda suka iya kuma ba su san ko ɗari da talatin abin tsoro ba ne ko abin godiya. Ni da likita ya taɓa yi wa bayani na minti biyar, ni ce na zama gwana. Asabar ta gaba mata goma sha tara suka zo. Ta bayanta na daina ƙirgawa. Ni ce mai danna maɓalli, ni ce mai raɗa wa kowacce lambarta a kunne, ni ce mai rubuta mata a takarda, ni ce mai cewa ke je ki asibiti, ke kuma lafiyarki ƙalau. Wankina ya koma Lahadi, girkin Lahadi ya koma duk lokacin da Allah Ya ba ni iko. Barcin Asabar kuwa tun daga lokacin muka yi sallama.

Suna ma sai da ya canza. Matar Abuja ta tafi, Likita ta zo. Ana buga mini ƙofa a nuna mini ƙurji a wuyan jariri. Na faɗa, na sake faɗa, ni hatimi nake bugawa a takarda, ban san komai a kan ƙurji ba, a tafi asibiti. Sai a ce, "Allah sarki, Likita ba ta son nuna kanta."

Ba zan ce duk wahala ce ba. A bayan zannuwan nan na ji labarin wadda mijinta ke kwana a Abuja sai ƙarshen wata, da wadda ta zo daga Funtuwa ba ta san kowa ba sai bangon ɗakinta, da wata 'yar kudu mai sayar da garin rogo da take Hausa tana haɗawa da Turancin kasuwa, muna dariya tana taya mu. Wasu ko kujerar ba sa hawa, fanka da hira suka kawo su. Amma ni dai a tsaye nake, hannuna a kan maɓalli.

Da damina ta kankama sai wata sabuwa ta ɓullo. Rana ba ta fitowa sosai, batir ba ya cika, ɗan abin da ya taru kuma wayoyin majalisa sun shanye shi tun daren Juma'a. Asabar biyu a jere muna zuwa allon baƙi ƙirin. Na leƙa ta gefen zane na sami tela.

"Malam, ku ji tsoron Allah. Mata sun baro aikinsu sun zo, kun zuƙe wutar tas."

"Hajiya Likita, ai ba mu san tulu ɗaya muke sha ba. Mun ɗauka wutar injin daban take."

"To yanzu kun sani."

Ya sosa ƙeya. Ashe matarsa tana cikin masu zuwa, kuma tana cikin waɗanda na tura asibiti. Shi da kansa ya kafa dokar cewa daga la'asar ɗin Juma'a ba mai sa caji, ya kuma zama ɗan sandan dokar. Bayan kwana goma ya aiko mana da labule na gaske, mai zobba, ɗinkin hannunsa, don zannuwanmu su huta. Ya yi masa kalmasa da shuɗin zare. Na aika masa godiya, duk da ban manta da casa'in da ɗaya ba.

Wata biyar da zuwan jami'ar nan aka sabunta sistem ɗin da ta faɗa. Wata Asabar muka tarar murya ta yi ƙasa, har ta koyi tambayar namiji ne ko mace. Muka kwance matashin Inna, ya yi baƙi da datti. Sai dai an ƙaro wani abu. Yanzu kafin ta auna ka sai ka sa lambar wayarka, a turo maka wasu lambobi ta saƙon tes, ka shigar. Wai don kowa ya sami tarihin awonsa a wayarsa.

Na dubi matan da ke zaune. Rabi ba su da waya. Wasu wayar tana hannun maigida, maigida yana Abuja. Inna tana da wata 'yar ƙarama, amma allonta ya fashe tun bara, kira kawai take amsawa. Na tsaya na yi ta kallon na'urar nan, ina jin da ina da taɓarya da na gwada mata. Sannan na ciro wayata na sa lambata. Na sa wa ta farko, na sa wa ta biyu, na sa wa kowa.

Mako uku ana haka, wayata tana ta ƙara kamar gidan biki. Ran nan ina ofis, ina tsakiyar jera fayil, kira ya shigo. Jami'ar ce.

"Momi, kina ina? Lafiyarki kuwa?"

"Lafiya lau. Me ya faru?"

"Sistem ya ɗaga jar tuta a kanki. Ranar Asabar kin yi awo sau ashirin da shida. Nauyinki ya tashi daga kilo arba'in da takwas ya kai ɗari da biyu, ya dawo sittin, duk kafin azahar."

Na ajiye hatimi. Na ce mata ta zo ranar Asabar da hantsi, ta bar kwamfutar a mota, ta zauna a bayan labule ta ga matar da ke kumbura tana sacewa.

Ta zo kuwa. Ta zauna tun daga farko har aka kira azahar, Inna ta sa ta riƙe jaririn wata, ta kuma sa ta hau kujera ita ma. Ba ta yi maganar data ba ko sau ɗaya. Da za ta tafi ta ce ta ji kunya, za ta sa a cire tambayar lambar waya. An cire, amma sai da aka ƙara wata biyu, ni kuma wayata ta ci gaba da karɓar jinin unguwa har ranar.

Da aka fara haƙar sabuwar doya Inna ta ce lallai sai na je ƙauyensu sunan jikarta. Na ce Lahadi ce kaɗai ta rage mini a duniya. Ta ce ai shi ya sa aka sa sunan ranar Lahadi. Muka hau mota muka sauka a gindin dutsen Zuma, muka ƙarasa a kan babur ta cikin gonaki. Aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo sakwara da miyar da na tabbata Inna ce ta sa mata gishiri. Na ci, na sha ruwa, na jingina da bango, iska tana kaɗawa. Rabon da in zauna haka ba abin da ke jirana har na manta.

Ina lumshe ido na ji motsi. Na buɗe, sai ga mata sun yi layi daga bakin tabarmata har ƙofar gida, tsofaffi a gaba, kowacce ta tattare hannun riga.

"Inna, mene ne haka?"

"Na ce musu Likita za ta zo."

"Inna, da me zan auna su? Injin yana Wambai!"

"To ki taɓa su mana, ko a ji sanyi."

Na rantse musu ni ba likita ba ce, suka yi murmushi irin na waɗanda aka riga aka gaya wa za ta faɗi haka. Da na rasa yadda zan yi, na ce duk mai son awo ta same ni a rumfa ranar Asabar. Na faɗa ne don in samu in gama hutuna, ina ganin nisa zai hana su.

Asabar da hantsi ina ɗaura labule, motar ɗaukar doya ta tsaya a bakin famfo. Mata goma sha huɗu suka sauko daga bayanta ɗaya bayan ɗaya, suna kaɗe zannuwa. Inna ce a gidan gaba kusa da direba, tana nuna musu ni da yatsa. Na aika gida a kashe mini wutar wake, na ce su zauna bi da bi, tsofaffi su fara.